Kama hayaƙin tashoshin lantarki dabarar ci gaba da ƙona mai ce

Tun da gwamnatin Birtaniya ta yi alƙawarin kusan fam biliyan 22 a watan Oktoban 2024 don kama iskar kabon, ake ta kururuwa wai an samo maganin ɗumamar yanayi. A Teesside da ke arewa maso gabashin Ingila, kamfanonin makamashi na BP da Equinor za su gina sabuwar tashar gas, a binne hayaƙinta a ƙarƙashin Tekun Arewa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake tallata dabarar kamar yau aka haife ta.

Ai an gwada. A Petra Nova, na'urar kama kabon da aka haɗa da wata tashar lantarki mai ƙona kwal a jihar Texas ta Amurka, ana bi da hayaƙin kwal ta cikin wata doguwar hasumiya, ruwan sinadarin amin ya tsotse kabon ɗin, sannan a dafa ruwan ya saki iskar, a matse ta a tura cikin bututu. Dafawar da matsewar suna cin wuta ƙwarai, har sai da aka kafa wani injin gas daban don ciyar da na'urar, shi kuwa nasa hayaƙin sama yake tafiya abinsa. Kabon ɗin da aka kama fa? Rijiyoyin West Ranch ake kai shi, ya turo ƙarin ɗanyen mai. Da farashin mai ya faɗi a 2020 sai aka kashe na'urar, ba ta sake tashi ba sai 2023. Ashe tsadar mai ce ke riƙe da ita, ba kishin muhalli ba.

Tashar lantarki ta Kemper a jihar Mississippi ta Amurka ta fi muni. Can an so a mayar da kwal gas, a cire kabon kafin ƙonawa. Aikin ya lashe dala biliyan 7.5, aka watsar da shi a 2017. Tashar kwal ta Boundary Dam a Kanada kuma, tun 2014 take fama, ba ta iya dorewa kan kama kashi 90 cikin ɗari na kabon da aka yi alƙawari ba.

Masu cewa dole sai da gas idan rana ta faɗi, su je su duba yadda farashin batura ya karye. A masana'antar siminti, inda kabon ke fitowa daga dutsen kansa, zan saurari hujjar kama kabon. A tashar lantarki kuwa, a'a. Kuɗin nan a zuba su a sola, da injinan iska, da batura, da layukan wuta, tunda dai kaso mai yawa daga kuɗin wutar talakan Birtaniya za a tsakure shi.