Tashin farko shi kaɗai ba lasisi ba ne

Da an ji ɗalibin tuƙin jirgin sama ya tashi shi kaɗai, sai a ɗauka ya gama karatu ke nan, har zai iya ɗaukar fasinja zuwa wani gari. Ba haka abin yake ba.

Tashin farko ba ya nisa da filin jirgi. Ɗalibi zai hau kamar ƙafa 1,000, ya zagaya filin, ya sauka, galibi sau uku. Malaminsa yana ƙasa yana kallo, ko da rediyo a hannunsa, magana ce kawai zai iya. Shi ya sa ba ya sa hannu a littafin tashin ɗalibi sai ya tabbatar ya iya sauka, ya kuma san abin yi idan inji ya mutu.

Abin da ke ba ɗalibai mamaki shi ne jirgin kansa. Cessna 152, wani ƙaramin jirgin da ake koyon tuƙi da shi, kujera biyu gare shi, da malami ya fita nauyi ya ragu sosai. Sai jirgin ya bar ƙasa da wuri, ya hau da sauri, wajen sauka kuma ya riƙa yawo a saman titi kafin taya ta taɓa.

Lasisi kuwa da sauran tafiya. A Amurka ɗan shekara 16 na iya tashi shi kaɗai, amma lasisi sai ya kai 17, da awa 40 a sama a tsarin da aka fi bi, da jarrabawar rubutu da ta tuƙi. Kafin nan ba zai ɗauki kowa ba, ko da mahaifiyarsa ce.