Duna da takalmin Baban Hadiza

Ni da nake koya wa 'yan farautar garinmu yadda ake ciyar da kare, ni karena Duna ya tozarta ranar Alhamis.

Da asuba na tafi kasuwar Maigatari da tumaki biyu, ban dawo ba sai bayan la'asar, kuma duk gidan ba wanda ya tuna da kare. Na tarar da ragowar tuwon dawa na sunan gidan Kawu cike da kwano, na juye masa duka a roba. Karyar Sale kuwa tana bakin danga tana leƙe, kuma kare in ya ga ɗan'uwansa kusa da abincinsa ba ya tauna, haɗiya kawai yake, har da iska. Kafin in wanke hannu roba ta yi fes. Yara suka ja shi da gudu zuwa bakin rijiya, ya ɗora ruwa a kai.

Sai ga Baban Hadiza, kan wata magana da ke tsakaninmu. Na shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙofar gida, ya cire takalminsa sau-ciki, baƙi, na Sallah, ya jera a gefe. Ina durƙushe muna gaisawa, mun kai "ya mutanen gida", Duna ya taho a natse kamar shi ma gaisuwar ce ta kawo shi. Ya tsaya, ya sunkuyar da kai. Ba kakari, ba yunƙuri. Tuwo ya sulluɓo dogo, mulmulalle kamar an cura shi a cikin gora, da yauƙin miyau, ya shige takalmin dama daidai wa daida. Ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

Baba ya dubi takalmi, ya dube ni. Ya ce, "Yaro, naka ne?"

Da na yi shiru da an wuce wurin. Amma bakina ya ce, "Baba, ai wannan ba amai ba ne." Wallahi na ji kaina ina bayani na kasa tsayawa. Na ce amai na gaskiya sai ka ga kare yana lasar baki, miyau na zuba, ciki na bugawa, abin ya fito a dame, wani lokaci da ruwan ɗorawa na matsarmama. Wannan kuwa abinci ne da ya tsaya a hanya bai narke ba, shi ya sa ya dawo da siffar maƙogwaro jim kaɗan bayan ci. Har da nuni da yatsa.

Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Madalla. To wanda ba amai ba, shi ba ya ɓata takalmi?"

Ban ba da amsa ba, don a lokacin Duna ya tura baki cikin takalmin ya fara mayar da kayansa. Ɗabi'arsu ce, na kusa faɗa, Allah Ya rufe mini baki. Sau bakwai na wanke takalmin nan, Baba na ƙirgawa da carbi. A silifas ɗina ya koma gida, diddigensa a waje.

Shi kuwa Sale, da karyarsa ta haddasa komai, yana jingine da darbejiya yana dariya har da riƙe ciki. Mutumin da kuɗin takina na buhu guda ke hannunsa tun damina! Kafin isha'i ya kai labari teburin mai shayi, ya ƙara cewa wai na ɗanɗana don in tabbatar. Sale, wanda karyarsa ta shekara ba a yi mata allurar haukan kare ba.

Abin haushin, maganin duk na san shi. Kwano guda a raba shi uku, safe, rana, dare. A baza a faffaɗan tire maimakon roba mai zurfi, ko a sa dutse mai tsabta a tsakiya, wanda ya fi ƙarfin bakinsa, ya dinga zagaye shi. A ba shi shi kaɗai, bayan ɗaki. Ba gudu, ba ruwa mai yawa sai bayan kamar awa guda. In ya riga ya dawo da shi, a bar cikin ya huta wasu awanni, ruwa kaɗan-kaɗan, sannan loma biyu uku. Amma in ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, yana kakari ba abin da ke fita, ko ka ga jini, ko ɗan kwikwiyo ne mai amai da gudawa, wannan ba na dutse a tire ba ne, a nemi likitan dabbobi a daren. Duk wannan na taɓa zaunar da Sale na karanta masa.

Takalmin yana kan danga yana shan iska, na daman ya ɗan ƙanƙance. Silifas ɗina dai har yau ba a aiko da su ba.