Ana Auna Gwiwar Yaro da Bugun Zuciyarsa, Wa Ke Tambayar Abin da Ke Hana Shi Barci?

Duk mai zuwa filin ƙwallon Kawukudi da ke tsakanin Nima da Mamobi a Akra, ko filin Fadama, ya san yadda abin yake tafiya. Mai farautar 'yan wasa ya zo ya tsaya a gefe, ya ga yaro yana yanka 'yan baya kamar wuƙa a cikin kabewa, ya rubuta sunansa. Da an tashi, ba wurin yaron yake fara zuwa ba. Koci yake ja gefe ya tambaye shi: "Yaya halinsa?" Amsar kuma kusan kullum ɗaya ce: "Yaron kirki ne, ba ya wasa da salla, ba ruwansa da kowa." Sau da yawa gaskiya ce. Sai dai amsa ce da ba ta taimaki ƙungiyar da za ta saye shi ba, ba ta kuma taimaki yaron ba.

Ba na ganin laifin ƙungiyar da ke binciken halin ɗan wasa kafin ta zuba kuɗi. A Yulin 2023 Newcastle ta sayi Sandro Tonali daga AC Milan a kan kusan fam miliyan 55. Wata uku bayan haka aka dakatar da shi wata 10 saboda caca, bai dawo fili ba sai Agustan 2024. Kaka guda ta tafi a banza. A shekarar ne kuma Ivan Toney na Brentford ya sha dakatarwar wata 8 a kan karya dokar caca sau 232. Wanda ya ga irin wannan asara dole ya riƙa tambaya. Abin da nake ƙorafi a kai shi ne irin tambayar da ake yi, da abin da ake yi da amsarta.

Dubi gwajin lafiyar jiki. Ana ɗaukar hoton gwiwa da idon sawu, a ɗebi jini, a auna bugun zuciya, a duba ta da na'ura yaro yana hutawa da kuma yana gudu. Gwaji ne mai tsauri, kuma yana da dalili. A 2017 Brighton ta fasa sayen Raphael Dwamena bayan an gano matsala a zuciyarsa, kuma a Nuwamban 2023 ya faɗi a fili a Albaniya, Allah ya yi masa rasuwa. Wannan ɓangaren an ɗauke shi da muhimmanci. Amma in aka zo kan hali da lafiyar ƙwaƙwalwa, abin ya koma leƙen Instagram da TikTok, da buga waya ga tsohon koci, da hirar rabin awa a ɗakin otal da harshen da yaron bai ƙware ba. A irin wannan hira ce yaron Zango ke faɗuwa ba tare da ya yi laifi ba. An tarbiyyantar da shi kada ya haɗa ido da babba, kada ya yi dogon bayani in ba a nema ba. Bature kuma ya rubuta cewa ba shi da ƙarfin gwiwa, ko yana ɓoye wani abu. Ga kuma tambarin da sunan Nima ko Aboabo ke ɗauke da shi ko a nan cikin Gana, inda wasu ke jin "ɗan Zango" sai su ji "mai zafin kai". Mohammed Kudus daga Nima ya fito, ta Strong Tower da makarantar Right to Dream, ya je Nordsjælland a 2018, Ajax a 2020, West Ham a 2023, Tottenham a 2025. Unguwa ba ta faɗin halin mutum.

Abubuwan da ke karya yaranmu a zahiri sanannu ne, kuma babu wanda ake gani a hoton Instagram.

Caca ce kan gaba, don ta shigo aljihun kowa. Da waya da MoMo, wato asusun kuɗi na waya, an gama. Yaro yana fara ta da sidi biyu a bes ɗin da ake shan ataya, yana ɗaukarta wasa, kuma yana ganin ya fi kowa sanin ƙwallo tunda sana'arsa ce. Ranar da ya sa hannu a kwantiragi, abin da jiya yake nishaɗi ya zama laifin da zai iya cinye masa kaka guda. A Ingila, tun 2014, ɗan wasa ba shi da izinin yin caca a kan kowane wasan ƙwallo a ko'ina a duniya, kuma bai halatta ya ba aboki labarin cikin gida, kamar wanda ya ji rauni ko wanda zai fara wasa, don abokin ya yi caca da shi ba. Wannan na biyun ne yaranmu ba su sani ba. Ɗan uwa ya turo saƙo daga unguwar Madina ta Akra, "Yau za ka buga?", ya amsa da zuciya ɗaya, kuma saƙon yana nan a waya. A gida ma mun ga inda abin ke kaiwa: wasan Ashantigold da Inter Allies na Yulin 2021 da ya tashi 7-0, wanda Hashmin Musah na Inter Allies ya ci gidansu sau biyu da gangan ya ce don ya ɓata lissafin masu caca, ya ƙare da mayar da ƙungiyoyin biyu rukuni na uku. Ɗan wasan da ake bi bashi, ko wanda ƙungiya ta riƙe masa albashi, shi ne wanda masu sayen wasa ke fara nema.

Sai ƙwaya. Taramol da ake haɗiya don a ji ƙarfi ko a manta ciwo, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta shi a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Yaron da ya saba shan sa kafin wasa a ƙananan rukunai, inda ba a cika gwada fitsari ba, zai je inda ake gwadawa ba tare da sanarwa ba, kuma a dokar, abin da aka samu a jikinka naka ne ko da wani ne ya ba ka. Maganin barci ma haka. Dele Alli ya faɗa da bakinsa a Yulin 2023 cewa ya kamu da shan sa har ya yi mako shida a wurin jinya a Amurka. Ana tashi wasan dare jiki na rawa, barci ya ƙi zuwa, a sha ɗaya, gobe a sha biyu.

Amma nauyin da ya fi danne ɗan Zango, wanda ba mu son a faɗa, shi ne namu. Ranar da hoto ya fito yana riƙe da rigar wata ƙungiya a Turai, unguwa ta gama yanke hukunci cewa ya yi arziki. Ba wanda ya san kwantiraginsa na farko na matasa ne, ko nawa haraji ya ɗauke, nawa haya, nawa dillali, nawa bashin da aka ci don tikitin jirgi da biza. Waya ta fara ƙara: kuɗin asibitin kaka, kuɗin makarantar ƙanne, suna, aure, rasuwa, ragon layya, kujerar Makka ta Hajiya, takalma ga tsohon kulob. Kowace buƙata gaskiya ce, kuma kowane mai nema yana da haƙƙi a kansa ta wata fuska. Yaro ɗan shekara 19 ba zai iya ce wa kawunsa babu ba. In ya ce, a ce ya manta asali. Sai ya ci bashi, ko ya nemi a ba shi albashi tun wata bai ƙare ba, ko ya koma cacar don ya cike giɓi. Daga nan barci ya gudu, ya makara atisaye, ya yi wa koci tsawa, a rubuta a takardarsa cewa ba shi da ɗa'a. Wanda ya karanta takardar a ƙungiya ta gaba ba zai taɓa sanin cewa tushen abin yana wani gida a Sabon Zango ba.

Ƙara masa kaɗaici. Dokar FIFA ta hana a kai yaro ƙasar waje kafin ya cika 18, ban da 'yan togaciya kaɗan, don haka yawancinsu suna tafiya ne da cikarsu 18, daga gidan da ake kwana mutum shida a ɗaki zuwa ɗaki shi kaɗai a garin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba. Babu kiran salla, babu koko da ƙosai, babu mai cewa "ina ka shiga?" In kuma jijiyar gwiwa ta tsinke, wata tara ne ko fiye yana motsa jiki shi da bango. Binciken da ƙungiyar 'yan wasa ta duniya FIFPRO ta fitar a 2015 ya nuna kashi 38 cikin ɗari na 'yan wasa 607 da ke bugawa sun ba da alamun ciwon damuwa ko fargaba, kuma abin ya fi yawa ga waɗanda suka sha munanan raunuka. Tun kafin wannan bincike muna da darasin Nii Odartey Lamptey, gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 da Gana ta ci a 1991, wanda ya bi ta Anderlecht da PSV da Aston Villa da Coventry, ya kuma faɗa daga baya cewa ya sa hannu a takardun da bai iya karantawa ba. Ba banza ba ya buɗe makaranta a Akra da ya dawo.

A wurinmu, in yaro ya shiga wannan hali, sunan da muke ba abin sammu ne, ko baki, ko iska. A kai shi wurin malam, a yi tofi, a yi rubutu. Addu'a magani ce, ba mai musu. Amma yaron da ya yi mako biyu ba ya jin daɗin komai, ƙwallon ma ta fita ransa, ba ya cin abinci, yana farkawa ƙarfe uku na dare, yana janye jiki daga abokai, yana cewa gara ma ba ya raye, wannan yana buƙatar likita a yau, tare da addu'ar. Akwai tambayoyi tantatattu da ba sa cin minti goma: PHQ-9 mai tambaya tara don ciwon damuwa, GAD-7 mai bakwai don fargaba, wanda ya kai maki 10 a tura shi ga ƙwararre. Kwamitin Olamfik na duniya yana da nasa da aka tsara don 'yan wasa, mai suna SMHAT-1. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da na Pantang, akwai sashe a Komfo Anokye a Kumasi, kuma tun 2023 yunƙurin kashe kai ya daina zama laifi a dokar Gana, don haka ba a tsoron 'yan sanda in an kai yaro asibiti.

A nan ne kuma ƙungiyoyi ke yin kuskuren da ke mayar da aikinsu baya. In takardar da yaro ya cike za ta je teburin mai yanke shawarar a saye shi ko a bari, to kowane yaro mai hankali zai yi ƙarya, dillalinsa ma zai koya masa amsar. Ƙungiya ta sayi matsalar ba ta sani ba, yaro kuma ya koyi cewa faɗin gaskiya hasara ne. Bayanin ya tsaya a hannun likita. Abin da za a kai wa shugabanni shi ne abin da yaron zai buƙata: a sauke shi a gidan iyali maimakon shi kaɗai, a haɗa shi da masallaci da inda zai sami abincin halal, a tsara masa atisaye da azumi, a sa malamin harshe tun makon farko, a riƙa ganinsa duk mako a wata shida na farko, musamman in ya ji rauni ko an ajiye shi a benci. Duk wannan bai kai albashin wata ɗaya na babban ɗan wasa ba.

Ba kowane mugun hali ne ciwo ba, dole a faɗa. Wanda ke dukan mace, ko yake bin ƙananan yara mata, ko yake tuƙi a buge, ba damuwa ce hujjarsa ba, kuma ƙungiyar da ta juya masa baya ta yi daidai. A Gana, kwanciya da yarinya 'yar ƙasa da 16 ɗaurin shekara 7 zuwa 25 ne. Kocin da ya san haka game da yaronsa ya rufe don kada ciniki ya lalace, ya ci amanar yarinyar da ta gaba.

Masu ƙananan ƙungiyoyi a unguwanninmu suna da riba kai tsaye in yaro ya daɗe yana bugawa. Kashi 5 cikin ɗari na kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa ana raba shi ga waɗanda suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Wanda ya riƙe yaro daga 12 zuwa 15 yana da kashi 1 cikin ɗari na dukan kuɗin: in an sayar da shi Yuro miliyan 10, nasa Yuro dubu 100 ne, muddin an yi wa yaron rajista daidai da hukumar ƙwallon Gana, GFA. Kuɗin yana sake zuwa duk lokacin da aka sake sayar da shi a tsallake. Yaron da ya karye a shekararsa ta biyu ba ya kawo ko sidi. Don haka kafin ya hau jirgi, a zauna da mahaifi da mahaifiya da shi, a buɗe kwantiragin a karanta da Hausa, a fitar da abin da zai rage bayan haraji, a yanke adadin da zai riƙa turowa gida duk wata, a naɗa babba guda wanda duk wata buƙata za ta bi ta hannunsa, don yaron ya daina zama mai cewa a'a. A tabbatar dillalin yana da lasisin FIFA. A ba shi lambar ƙungiyar 'yan wasa ta Gana, PFAG, a kuma gaya masa cewa in an riƙe masa albashin wata biyu, yana da damar ba da wa'adin kwana 15 a rubuce sannan ya raba gari da ƙungiyar.

Akwai kuma waɗanda ba a magana a kansu: masu tafiya gwaji su dawo bayan mako uku ba a ɗauke su ba, bayan an yi musu rakiya da addu'a a ƙofar gida. Wasu sukan ɓuya a ɗakin aboki a Kasoa ko Ashaiman don kunya. Crystal Palace ta fara a 2022 bin diddigin yaran da ta sallama har shekara uku. Kulob ɗin unguwa ba shi da kuɗin haka, amma koci yana iya zuwa filin jirgin saman Akra ya tarbi yaron da kansa, ya kai shi gida ya yi wa iyaye bayani, ya kuma sa sunansa cikin 'yan wasan Asabar mai zuwa.