Ƙaruwar zafi ba ta kore ambaliya daga Jidda

Da yawa daga cikin mutanenmu mazauna Jidda sun ɗauka tunda zafi sai ƙaruwa yake yi, ruwan sama zai ja baya, ambaliya ta kau. Ba haka lissafin yake ba.

Duk digiri ɗaya da zafi ya hau, iska na iya riƙe ƙarin tururin ruwa kusan kashi 7 cikin 100. Bahar Maliya kuwa ƙara ɗumi take yi, kuma ita ke shayar da hadarin. Ko da kwanakin ruwa sun ragu, ranar da ya tashi sauka sai ya zubo kamar da bakin ƙwarya. Ranar 24 ga Nuwamba 2022 an auna milimita 179 a kudancin Jidda cikin awa shida, fiye da ninki biyu na abin da garin ya saba samu a shekara.

Ga shi duwatsun gabashin gari ba sa shan ruwa, kwalta ma haka. Sai ya biyo tsofaffin kwaruruka da aka yi gini a kansu, kamar yadda ya afka wa unguwar Kuwaiza a 2009. Hanyoyin ƙarƙashin gada ne ke fara cika, kuma ruwa mai gudu da ya kai santimita 30 ya isa ya ja ƙaramar mota.