An rage maki, sun ci, an ɗaura musu igiya, sai kuma a ce an janye?

Ga yadda abin kan faru. Hukumar 'yan sanda ta fitar da sanarwa cewa an rage makin cin jarrabawar ƙarin girma, ko dai ga kowa ko ga wani rukuni da aka ga an bari a baya, kofur-kofur suka zauna suka rubuta, sakamako ya fito, wasu suka haye da wannan sassaucin, har tela ya ɗinka musu igiya ta uku a hannun riga, albashi ya ɗan motsa. Can bayan wasu watanni sai ga wata takardar daga hedikwata wai an janye sassaucin, kowa ya koma inda yake. Ba wanda ya kira mutum ofis ya ce masa ga fa abin da muke shirin yi, kana da ta cewa? A allon sanarwa ya gani kamar kowa.

Ni dai matsayina ba kwana-kwana. Hukuma na da ikon ta tsaurara jarrabawarta duk ranar da ta ga dama, wannan ba gardama, amma ba ta da hurumin tuɓe wa mutum muƙamin da ita da hannunta ta ba shi ba tare da ta ji ta bakinsa ba. Abu biyu ne daban, kuma da gangan ake cakuɗa su.

Masu son a tsaurara suna da gaskiyarsu fa, kar mu raina. Saje ko sufeto ba ado ba ne, shi ke ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma, shi ke rubuta fayil, shi zai tsaya gaban alƙali lauya na yi masa tambayoyin ƙure. In bai san iyakar ikon kamu ba, ko sa'o'in da doka ta yarda a tsare mutum kafin a kai shi kotu, to ko dai mai laifi ya sha ko marar laifi ya kwana a sel, talaka ne dai zai ji a jikinsa. Saboda haka in hukuma ta ce daga jarrabawa mai zuwa makin ya koma yadda yake, ba sai ta bi dubban kurata ɗaya bayan ɗaya tana neman izini ba, tsari ne ta canza, kowa ya ji ya shiga karatu.

Inda gizo ke saƙar shi ne a waiwayo a daki wanda ya riga ya wuce. Kuma abin mamaki, shari'ar da ta farfaɗo da ƙa'idar sauraren mutum kafin a hukunta shi a Ingila a kan ɗan sanda aka yi ta. Charles Ridge shi ne shugaban 'yan sandan garin Brighton, aka gurfanar da shi bisa zargin haɗa baki a cin hanci, kotu ta wanke shi a 1958 amma alƙalin ya yi masa tatas a kan yadda yake tafiyar da rundunar, kwamitin da ke kula da 'yan sandan garin ya kore shi ba tare da an faɗa masa tuhumar ba balle a saurare shi, mutumin da ya yi sama da shekara 30 yana aiki. A 1963 kotun ƙoli ta Majalisar Dattawan Ingila ta ce korar ba ta da inganci. Ba wai sun ce Ridge waliyyi ne ba, ko kusa, cewa suka yi ko wanda kake ganin bai da bakin magana sai ka bari ya yi maganar. Wanda ya yi karatun hadisi ma ba zai ga baƙon abu a nan ba, ai nasihar da Annabi (SAW) ya yi wa Sayyidina Ali ke nan da zai tura shi Yaman alƙalanci, kar ya yanke hukunci sai ya ji daga na biyu kamar yadda ya ji daga na farko.

Indiya kuwa ita ce ta fi kowa shan wahalar wannan rawar ƙafa ta sassauta-janye-mayar. Shekaru ana rage wa ma'aikata 'yan ƙabilu da rukunonin da aka danne a tarihi maki a jarrabawar ƙarin girma, sai a 1996 kotun ƙoli a shari'ar Vinod Kumar ta ce hakan bai halatta ba, gwamnatin tarayya ta janye sassaucin da wata takarda a watan Yulin 1997, majalisa ta fusata ta yi wa tsarin mulki gyara na 82 a shekarar 2000 ta buɗe ƙofar a sashe na 335, sannan a 2014 alƙalai biyar a shari'ar Rohtas Bhankhar suka ce takardar 1997 ɗin ma haramtacciya ce. Waɗanda suka kai ƙarar ma'aikatan ofis ne ba 'yan sanda ba, amma duba lissafin, jarrabawar 1996 ake magana a kai, hukunci a 2014. Shekara 18! Ɗan sanda da aka yi wa haka ai har ya ajiye kaki yana kofur. A Nuwamban 2024 kotun ta sake nanata maganar da ta daɗe tana yi, cewa ba a canza dokar wasa bayan an take leda, wannan karon a kan masu neman aikin fassara a babbar kotun Rajasthan da aka ƙaƙaba wa sharaɗin maki 75 cikin 100 bayan sun gama rubutawa.

Wasu za su ce to miye amfanin sauraren tunda makin na nan a rubuce, bai kai ba bai kai ba. Wannan ita ce hujjar da ta fi ba ni haushi, don mai yin ta ya riga ya ɗauka ya san amsar. Sai ka zauna da mutum sannan za ka ji cewa shi ko da tsohon makin ma ya ci, kuskuren mai haɗa jerin suna ne ya jefa shi cikin 'yan sassauci. Wani zai ce maka an yi jarrabawa sau biyu bayan tasa bai shiga ba saboda ku kuka ce ya ci, yanzu shekarunsa sun wuce ƙa'ida, wa zai biya wannan? Wani kuma, na ƙasa da shi sun riga sun sha gabansa a jerin girma. Duk wannan ba ya cikin takardar maki, kuma aikin ɗan sanda aiki ne na eh yallaɓai, in ba a buɗe masa ƙofar magana a hukumance ba, ranar da ya buɗe baki da kansa za a ce rashin ɗa'a ne.

Abin da ake nema ba shi da tsada ko kaɗan, takarda ce da sunan mutum da ta faɗi abin da ake son yi da dalili, a ba shi kwanaki ya amsa, wanda zai duba amsar kuma kar ya zama shi ne jami'in da ya sa hannu a janyewar. In har an tabbatar sassaucin tun farko ya saɓa doka, to a bar wa mutum igiyarsa na wucin gadi, a ba shi horo, ya sake zama a kan cikakken maki, in ya faɗi a nan sai a yi maganar ragi. Shi kuma babban da ya sa hannu a sassaucin da bai da tushe, shi ya kamata a fara aika wa takardar neman bahasi, ba kofur ɗin da ya karanta sanarwa ya bi umarni ba.