Taka, Riƙe, Saki: Ranar da na kwance birkin Golf ɗina

Duk wannan abin da zan ba ku labari naira 8,000 ce ta jawo min shi. Motata Golf 3 ce 'yar 1996, ta girmi aurena ta girmi duk 'ya'yana, sai da ta gama wahalarta a Turai ta biyo ta Kwatano sannan ta faɗo hannuna, kuma ko a nan Kano ni ne na huɗu a kanta. To kwanakin baya sai na lura man birki yana raguwa, in na ƙara yau bayan kwana uku ya sauka, in na taka birkin kuma sai ƙafata ta yi ta nutsewa kamar na taka tsohuwar katifa. Ranar da saura ƙiris na shige bayan wani ɗan adaidaita a danja, ya leƙo ya wanke ni tas a gaban jama'a, ranar na ce to abin ya isa haka.

Na kai wa bakanikena. Ko minti biyu bai yi ba ya durƙusa ya leƙa tayar baya ta dama, ya shafo wani jiƙaƙƙen baƙin abu a yatsa ya nuna min, ya ce "Malam silindar baya ce ke yoyo, robar cikinta ta gaji, man ya jiƙa lainin, lainin da ya sha mai kuma ba ya kamawa ko ka wanke shi. Sannan ba a canza gefe ɗaya, sai dai duka biyun, in ba haka ba kana taka birki motar za ta fizge ka gefe." Na ce nawa ne kuɗin aiki? Ya ce 8,000, kaya kuma ni zan sayo. Na ce zan yi shawara. Shawarar kuwa da YouTube na yi ta, inda na ga wani Bature ya gama aikin nan kaf cikin minti 14, a wani gareji da ya fi falona tsafta, ko gumi bai yi ba. Na ce ashe dama abin da ake cajinmu a kai ke nan!

Ranar Asabar da sassafe na sauka Ƙofar Ruwa na sayo lainin seti ɗaya, silinda biyu, da man birki DOT 4 gwangwani biyu. Mai shagon ya ce wa zai ɗaura maka? Na ce ni. Ya ɗan dube ni, ya dubi farar shaddata, ya ce "Allah ya ba da sa'a", irin wadda ake yi wa mutumin da za a shiga da shi tiyata.

A ƙofar gida na kafa garejina. Na sassauta notocin taya da sifana 17, na ɗaga mota da jak, sai na tuna Baturen ya ce kada a amince wa jak shi kaɗai. Shi yana da ƙafafun ƙarfe na musamman, kanikawanmu kututture suke sawa, ni kuwa ba ni da ko ɗaya, sai na aika babban ɗana ya ɗauko min turmin uwargida tana can tana wanki ba ta sani ba. Na kifa shi na tokare motar da shi, ɗaya gefen kuma na jera bulo. Sannan don tsabar kiyaye lafiya na ja birkin hannu har ƙarshe, wai kada mota ta gangara. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Duram ɗin baya na Golf 3, wato kwanon ƙarfen da lainin ke kamawa daga ciki in an taka birki, ba irin wanda ake zarewa kawai ba ne, boris ɗin taya a cikinsa yake. Sai ka ɓalle wata 'yar hula ta ƙarfe a tsakiya, ka zare fin, ka cire makullin noti, ka kwance notin, ka zaro wasa, wato ɗan zoben ƙarfen da ke bayan notin, sannan boris na waje ya fito. Nawa ya fito kam, ya zame daga hannuna ya faɗa cikin rairayi da giris ɗinsa, ya tashi kamar ƙosan da aka tsoma a yaji. Na ce ba komai, a wanke da kananzir. Na kama duram na ja, ko motsi. Na sake ja har da kafa ƙafa a jikin mota. Na ɗauko guduma na dinga dukansa, unguwa ta ɗauka, yara suka taru, wani ma ya zo da kujerarsa. Na fi awa ɗaya ina wannan dambe, sai ga wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota ne, ya tsaya da carbinsa yana kallo, can ya ce "Ɗana, ka sauke birkin hannu kuwa?" Wato ni da hannuna na sa lainin ya shaƙe duram ɗin daga ciki, kuma nake dukansa don ya ƙi fitowa. Na ce "Baba dama yanzu nake shirin saukewa." Ya ce to madalla, bai tafi ba, shi ma ya nemi wuri ya zauna.

Ko da na sauke ɗin ma bai fito ba, saboda shekara da shekaru lainin yana cin ƙarfen har ya yi masa gaɓa a baki, ita ke riƙe shi. Baba ne ya nuna min dabarar, a juya duram har ramin notin taya ya zo saitin wani ɗan ƙarfe mai kama da tsinin gatari a ciki, shi ne yake matso da lainin da kansa duk sanda ya cinye, sai a zura sukundireba a tura shi sama, lainin ya koma ciki. Ina turawa na ji ƙas, duram ya taho salin alin kamar ba shi ba. Ciki cike da baƙar ƙura, ni kuma na cika baki da iska na hure ta. Ta dawo min fuska gaba ɗaya. Baba ya ce ƙurar birki ba a hure ta, mugun abu ce ga huhu, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa, amma ya bari sai da na hura sannan ya faɗa.

Babban kuskurena na ranar shi ne zumuɗi. Da na ga na iya cire duram sai na zagaya na kwance ɗaya gefen ma, na zube komai a faranti ɗaya, lainin huɗu, sifirin manya da ƙanana, 'yan kofunan da ke danne lainin da ƙusoshinsu. Ashe ƙa'idar ita ce ka gama gefe ɗaya tukuna, ɗayan ya zame maka madubi. Na ɗauki hoto fa kafin na kwance, da na buɗe wayar sai ga babban yatsana ya rufe rabin hoton, sauran rabin kuma turmi ne. Wajen cire babban sifirin na sama kuma da filaya na kama shi, ya kuɓuce, na ji wani ƙara fiiit ta gefen kunnena, ya haura katangar maƙwabta. Yara suka yi tafi.

Silinda kuwa noti biyu ne ke riƙe da ita ta baya, sai bututun mai da ke shiga cikinta da noti 11. Akwai sifanar da aka yi musamman don wannan notin, mai rungume shi kusan ta ko'ina, ni ba ni da ita, na sa 12 don ita na gani kusa, notin ya murje ya zama kamar ƙwallon goruba. Da ƙyar da filaya da addu'a na kwance shi, mai ya dinga ɗiga, na shafo shi a hannu na dafa jikin mota, nan na koyi cewa man birki yana cin fenti, har yau shatin yatsuna huɗu na nan a bayan motar kamar na dangwala mata ƙuri'a.

La'asar ta yi na haɗa wani abu mai kama da birki. Na mayar da tsohon sifirin ɗaya gefen a wani wuri da na ga ya dace, na rufe duram, saura fitar da iska, domin duk sanda aka buɗe bututu iska ta shiga, ita kuma iska matsuwa take yi, shi ya sa birki ke laushi. Aikin mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki ɗaya yana buɗe ɗan notin fitar da iska da sifana 7. Na sa ɗana ɗan shekara 11 a kujerar direba na kwanta a ƙasa. Taka! Na taka Abba. Riƙe! Na riƙe. Na buɗe noti, ko ɗigo. Saki! Muka sake. Taka, riƙe, saki, taka, riƙe, saki, har yaran unguwa suka mayar da ita waƙa suna amshi, mun fi rabin awa a haka babu mai babu iska, na fara zagin silindar a raina ina cewa jabu aka sayar min, na tashi a fusace na leƙa cikin motar, sai na tarar da yaron nan ya dage iya ƙarfinsa, gumi na zuba, yana taka kuloci. Kulocin motar nan kuma na waya ne, ko alaƙa ba shi da man birki. Na ce kai wannan ne birki? Ya ce "Abba ai ba ka ce wanne ba."

Da ya koma kan na tsakiyar mai ya fara fitowa da kumfa, na ji daɗi na yi ta buɗewa ina rufewa, na manta ana leƙa tankin man ana ƙarawa, har ya ƙafe ƙarƙaf ya zuƙi sabuwar iska tun daga sama. Yanzu ba baya kaɗai ba, har gaba babu birki. Ana cikin haka uwargida ta fito neman turminta za ta daka kayan miya. Ta tsaya ta dubi turmi a ƙarƙashin mota, ta dubi fuskata baƙa ƙirin, ta dubi shaddar, ba ta ɗaga murya ba, cewa kawai ta yi "Abban yara, yau a gidan nan sai dai a ci birki."

Bayan magariba na kira Oga bakanikena. Ya zo a babur da yaronsa da fitila, ya buɗe duram ya haska, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya kira yaron ya ce zo ka ga abin da ba a yi. Lainin mai hannun da wayar birkin hannu ke kamawa, wanda wurinsa baya ne, ni a gaba na sa shi. Notin boris kuma na ɗaure shi tamau kamar na taya, alhali ɗaurinsa kaɗan ne, daidai yadda wasan zai iya ɗan motsawa in an tura shi da bakin sukundireba, ya ce da na hau titi a haka da boris ɗin ya ƙone kafin na kai Zariya. Washegari ya dawo da sabon sifirin da sabon bututu, ya sake komai, ya fitar da iska ƙafa huɗu, ya fara daga ta baya ta dama wadda ta fi nisa da tankin mai ya ƙare a ta gaban direba. Ya ce 15,000, tunda gyara biyu ya yi, na mota da nawa. Ban ko nemi ragi ba. Turmi kuma ya tsage, shi ma ni na biya.

Bayan kwana huɗu sai ga 'yar maƙwabta ta yi sallama da wani abu ƙunshe a leda. Sifirin ɗina ne, wai a cikin garin masarar da suka shanya aka tsince shi wajen tankaɗe. Ta ce "Mama ta ce a gaishe ka, kuma wai in za ka sake gyaran mota a aiko a gaya mata ta kwashe shanya."