Bayan Rusau a Kano: Wa Ke Sa Ido Kan Filayen Haɗin Gwiwa?

Har yau in aka taɓo rusau ɗin Kano na watan Yunin 2023, mutane gida biyu suke rabuwa: masu cewa Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ƙwato dukiyar jama'a, da masu cewa ya kori masu zuba jarin da gwamnatin Ganduje da ta gabace shi ta jawo. Wannan muhawara ta ishe ni, don ba a nan gizo ke saƙar ba. A Satumbar 2023 Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin jihar ta biya diyyar naira biliyan 30 kan shagunan filin Idi na Ƙofar Mata, daga baya aka sasanta kan biliyan 3. Kuɗin nan bai fito daga aljihun wanda ya yanka filin ba, bai fito daga na wanda ya turo katafila ba. Baitulmali ne ya ɗauka.

Irin haɗin gwiwar da aka yi a tsohon otal ɗin Daula, wanda shi ma rusau ɗin ya shafa, tsarinsa sananne ne: gwamnati ta sa fili a matsayin hannun jarinta, ɗan kasuwa ya kawo kuɗi ya gina, a raba shaguna ko riba. Ba laifi a nan. Inda irin waɗannan yarjejeniyoyi ke lalacewa shi ne ranar ƙiyasta kuɗin fili. In mai ƙiyasi ɗaya aka ɗauka, kuma mai ginin ne ya biya shi, kason gwamnati ya riga ya zaftare kafin a haƙa tushe. Sai a miƙa takardar shaidar mallaka tun ba a ɗora bulo ɗaya ba. Da ita mai ginin zai ciwo bashin banki, ya fara sayar da shaguna a kan takarda, wanda ya saya shi ma ya sayar wa wani. Ranar da rikici ya tashi, mai riƙe da mabuɗin shago shi ne hannu na uku ko na huɗu, bai taɓa ganin yarjejeniyar da aka gina shagonsa a kanta ba.

Masu cewa ai akwai KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, sun manta hukumar da ke buga hatimin izinin gini a wannan gwamnati ita ce ke shafa jan fenti a gwamnati mai zuwa. Tushen matsalar Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ce, wadda ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, har kwamitin da ke ba shi shawara kan rabo shi ke naɗa shi. Dokar dai ta ce in za a soke mallaka don maslahar jama'a, sai an ba da sanarwa a rubuce, kuma a biya diyyar abin da aka gina. Katafilar da ta iso da tsakar dare ba ta jiran ko ɗaya daga ciki.

Tun ran gini tun ran zane. Duk yankin da za a sabunta, kasuwar Kwari ce ko bakin badala, ya kamata ya samu hukumar sa ido tasa wadda Majalisar Dokoki ta kafa da doka, wa'adin mambobinta ya tsallake shekarar zaɓe. A zaunar da wakilin gwamnati, da mai ginin, da 'yan kasuwar wurin, da masarauta, da injiniya mai zaman kansa wanda ba ɗayansu ke biyan shi kai tsaye ba. A wallafa yarjejeniyar da taswirar wurin, har da magudanan ruwa da hanyar motar kashe gobara, abubuwa biyun da ake fara cinyewa in ana son ƙara layin shaguna. Takardar mallaka kuwa a riƙa sakin ta kashi-kashi, gwargwadon aikin da injiniyan ya sa wa hannu.

Za a ce wannan zai jawo jinkiri. To, a je filin Idi a tambayi waɗanda suka kwashi rodi daga cikin ɓaraguzai nawa saurin ya ci musu.